Motsa tsokokin fuska da tausa: amfaninsu, iyakarsu da inda ya kamata a yi hattara

Motsa tsokokin fuska wasu atisaye ne da mutum ke yi da goshi, kumatu, leɓɓa da wuya, yana ɗame su yana sakewa, da nufin fuskar ta cika kuma fatar ta daina saki. Tausar fuska kuwa ita ce murza fata da naman da ke ƙarƙashinta a hankali, da yatsu ko da wani ɗan dutse mai santsi. A 'yan shekarun nan dabarun biyu sun bazu ta TikTok da Instagram, inda shafukan Faransanci ke kiran atisayen yoga du visage, kuma shagunan gyaran jiki na birane sun shigar da tausar cikin ayyukansu. Masu tallata su na alkawarin goge tamoji, rage kitsen haɓa da mayar da ƙuruciya. Binciken da aka yi zuwa yanzu ya nuna cewa akwai amfani, amma ɗan kaɗan ne, kuma akwai mutanen da tausar za ta iya cutarwa.

Yadda fuska take a ƙarƙashin fata

Fuskar ɗan Adam na ɗauke da tsokoki kimanin 40, waɗanda suka kasu gida biyu. Gida na farko su ne masu nuna halin da mutum yake ciki: na murmushi, na ɗaure fuska, na ɗaga gira, na rufe ido da na turo baki. Su ne suka sa Bahaushe ke cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Sirara ne ƙwarai, kuma sun bambanta da tsokar hannu ko ta cinya wadda ke manne da ƙashi ta kowane ɓangare. Yawancinsu baki ɗaya ne ke kama ƙashi, ɗayan kuma yana shiga cikin fata, shi ya sa duk lokacin da suka motsa fatar ke naɗewa. Jijiya ta bakwai daga cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare ita ce ke ba su umarni. Tana ratsa ƙashin da kunne yake ciki, ta fito ta ƙasan kunnen, sannan ta rabu rassa biyar a kan fuska.

Gida na biyu su ne tsokokin tauna, guda huɗu a kowane ɓangare, kuma jijiya ta biyar ce ke sarrafa su. Idan mutum ya cije haƙoransa ya taɓa kusurwar muƙamuƙi zai ji ɗaya daga cikinsu ta yi tauri.

A saman tsokokin akwai kitse da ke zaune cikin ƙananan aljifai, shi ne ke ba kumatu cikarsu. A samansa kuma fata ce, wadda wasu zaruruwa biyu ke riƙe da ita: kolajin mai ba ta ƙwari, da ilastin mai sa ta koma yadda take idan an ja ta. Akwai kuma ruwan limfa, wani ruwa marar launi da ke kwashe abin da ya taru a tsakanin nama. Daga fuska yana gangarowa zuwa wasu ƙananan tashoshi a gaban kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya. Su ne ke kumbura su zama kaluluwa idan mutum na da ciwon haƙori ko na maƙogwaro.

Abin da ke sa fuska ta tsufa

Tsufan fuska aiki ne da ke gudana a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai. Kolajin na raguwa da kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya girma, kuma mata kan rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekaru biyar na farko bayan ɗaukewar al'ada. Kitsen kumatu na shanyewa yana kuma gangarowa ƙasa. Ƙashin da ke kewaye da ido da na muƙamuƙi na zaizayewa, musamman idan haƙora sun zube. Rana da hayaƙin taba na hanzarta lalacewar zaruruwan fata.

Akwai kuma tamojin da motsi ke haifarwa. Layukan goshi, na tsakanin gira da na gefen ido suna fitowa ne a daidai inda fata ta shekara tana naɗewa. Allurar Botox, wadda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita kan layukan tsakanin gira a 2002, tana aiki ne ta hana tsokar motsi na wasu watanni. Wannan ne dalilin da ya sa likitocin fata da dama ke ɗari-ɗari da atisayen da ake yamutsa goshi ko matse ido da ƙarfi: abin da ake so a goge, shi ake ƙara zanawa.

Baƙar fata na da sinadarin melanin mai yawa, wanda ke tare wani ɓangare na hasken rana, don haka tamoji kan makara kafin su fito. Abin da ya fi damun masu baƙar fata shi ne baƙin tabo, rashin daidaiton launi da zubewar kumatu. Duk wata dabara da ke fusata fata na iya barin tabon da zai yi watanni bai goge ba.

Inda dabarun suka samo asali

Nazarin tsokokin fuska ɗaya bayan ɗaya ya yi nisa ne a hannun likitan Faransa Duchenne de Boulogne, wanda a 1862 ya wallafa hotunan fuskokin da yake motsa tsokokinsu da wutar lantarki don gane aikin kowace ɗaya. A farkon ƙarni na 20 wani likitan fata na birnin Paris, Lucien Jacquet, ya fito da tausar ɗan mintsini da har yau ake koyarwa da sunansa a makarantun gyaran jiki na Faransa. Tausar koro ruwan limfa kuwa Emil Vodder ɗan ƙasar Denmark da matarsa Estrid ne suka tsara ta lokacin da suke aiki a kudancin Faransa, suka gabatar da ita a Paris a 1936. Daga Sin aka samo gua sha, wato goga dutse a kan fata, wanda asalinsa a baya da kafaɗa ake yi da ƙarfi har wurin ya yi ja, kafin a sassauta shi a kai shi fuska. Daga Japan kuma aka samo tausar kobido.

Tausa ba baƙuwa ba ce a wajen Hausawa. Ungozoma na tausa jariri da mai bayan wanka, kuma masu gyaran amarya na murza jiki da dilka, haɗin da aka fi sani da matan Sudan, Chadi da Borno kafin ya watsu zuwa sauran garuruwa. Abin da ya zo sabo shi ne da'awar cewa tausa da atisaye na mayar da shekaru baya.

Abin da bincike ya nuna

A 2014 masana daga Jami'ar Ghent ta Beljiyam sun tattara nazarce-nazarce tara da aka yi kan atisayen fuska. Dukansu sun ba da rahoton samun ci gaba, amma babu ko ɗaya da aka tsara ta hanyar raba mutane gida biyu da ƙuri'a domin kwatantawa, kuma mahalartan kaɗan ne. Masanan suka ce shaidar ba ta kai a yanke hukunci ba.

Binciken da aka fi ambata shi ne na Jami'ar Northwestern ta Amurka, wanda Dakta Murad Alam ya jagoranta, aka wallafa a mujallar JAMA Dermatology a 2018. Mata 27 masu shekara 40 zuwa 65 ne suka fara, 16 suka kammala. Sun yi atisaye na minti 30 kullum har mako takwas, sannan suka koma yi yau su huta gobe har mako 12. Likitocin da suka duba hotunansu sun ga kumatun sama da na ƙasa sun ƙara cika. Matsakaicin shekarun da suka ƙiyasta wa matan ya sauka daga 50.8 a farko zuwa 48.1 bayan mako 20. Sai dai babu wani rukunin da bai yi atisayen ba da za a kwatanta da shi, kuma kusan rabin matan sun bari a hanya. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne tsokar kumatu ta ɗan yi kauri ta cike gurbin kitsen da ya ragu.

Game da tausa, wani nazari da aka yi a Cibiyar Fasaha ta Tokyo a 2018 ya gano cewa mirgina abin tausa a kunci na minti biyar na ƙara gudun jini a fatar wurin na aƙalla minti goma. Wannan ne ke sa fuska ta yi sheƙi bayan tausa. Haka nan tausa mai laushi na rage kumburin safe da ke taruwa a ƙarƙashin ido, amma ruwan na sake taruwa idan aka kwana.

Atisaye ba ya narkar da kitsen haɓa ko na kumatu shi kaɗai, domin jiki ba ya ƙona kitse daga wuri ɗaya saboda an motsa wurin. Ba ya mayar da ƙashin da ya zaizaye, ba ya goge tabo, kuma ba ya sauya launin fata. Yawan taunar cingam ko robar da ake tallatawa don fito da muƙamuƙi na kumbura tsokar tauna, fuskar ta ƙara faɗi ta ƙasa, kuma yana iya jawo ciwon mahaɗar muƙamuƙi da ciwon kai.

Yadda ake tausar fuska

A wanke hannu da fuska tukuna, a yanke farce. A shafa ɗan mai domin yatsu su riƙa sulɓewa ba tare da jan fata ba. Ƙarfin da ake bukata kaɗan ne, tunda hanyoyin limfa na kusa da saman fata. Idan wuri ya yi zafi ko ya yi ja sosai, an wuce gona da iri.

Ana farawa daga wuya, a shafo daga ƙasan kunne zuwa gindin wuya sau biyar a kowane ɓangare. Daga nan a tashi daga tsakiyar haɓa, a bi layin muƙamuƙi zuwa kunne. Sai daga gefen hanci a ratsa kunci zuwa gaban kunne. A kewayen ido a yi amfani da yatsan zobe, a riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan a kan ƙashin, kada a danna ƙwayar idon. A goshi a shafa daga tsakiya zuwa gefe. Mai cizon haƙora cikin barci ko mai yawan ɗaure muƙamuƙi zai ji sauƙi idan ya saki bakinsa ya murza kusurwar muƙamuƙin da tsakanin ido da kunne a zagaye na rabin minti. A ƙarshe a sake gangarowa ta wuya. Minti biyar sun wadatar. Wanda ke amfani da dutse ya kwantar da shi a kan fata maimakon ya kafa bakinsa, ya kuma wanke shi da sabulu bayan kowane amfani.

Kada a danna gefen maƙogwaro inda ake jin bugun jini. Akwai wani wuri a jikin babbar jijiyar jinin wuya da idan aka matsa shi bugun zuciya ke raguwa, har mutum ya suma, musamman tsofaffi.

Atisaye masu sauƙi

Na ɗaga kumatu: a buɗe baki a zagaye, a lulluɓe haƙoran sama da leɓe, a ɗora yatsu a saman kumatu, a yi murmushi har a ji naman ya tashi a ƙarƙashin yatsun, sannan a saki. A maimaita sau goma.

Na kewayen baki: a cika baki da iska, a riƙa kai ta daga wannan kunci zuwa wancan, ana riƙewa daƙiƙa biyar a kowane ɓangare.

Na ƙarƙashin haɓa: a zauna a miƙe, a ɗan ɗaga kai, a manna harshe a ganɗa na daƙiƙa biyar, a saki. Mai ciwon wuya kada ya lanƙwasa kansa baya.

A yi su a gaban madubi domin a tabbatar goshi da gefen ido ba sa yamutsewa. Duk wanda ya ji muƙamuƙinsa na ƙara ko na ciwo ya dakata. Kamar kowace tsoka, abin da aka samu na komawa idan aka daina.

Mai, hunturu da dilka

Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na busar da fata a duk faɗin Sahel, daga Yamai da Maraɗi zuwa Marwa da Njamena. Tausa a kan busasshiyar fata na ƙara kaushi da tsagewa. Man kaɗanya mai tsabta na riƙe laima, kuma ya fi aiki idan aka shafa shi fatar na da ɗan danshi bayan wanka. Mai maiƙon fuska ko mai ƙuraje ya yi amfani da kaɗan, ya kuma guji man kwakwa a fuska domin yana toshe ƙofofin fata. Man da ke da ƙamshi mai ƙarfi, da lemon tsami da ake cakuɗawa a wasu haɗe-haɗe, na iya ƙona fata su bar tabo idan rana ta taɓa wurin. Kowane sabon mai a fara gwada shi a bayan kunne a jira kwana biyu.

Dilka na cire matacciyar fata, amma fatar fuska ta fi ta ƙafa da hannu laushi. Gurza ta da ƙarfi, ko haɗa dilka da sabulun salo da tausa a rana ɗaya, na iya barin duhun da amarya ba ta da shi kafin a fara gyaran.

Waɗanda ya kamata su ƙaurace wa tausa

Kada a yi tausa a kan ƙuraje masu ruwa, maruru, makero, ƙurajen zazzaɓi da ke fitowa a leɓe, ko ciwon da bai warke ba, domin yatsu na yaɗa ƙwayoyin cuta. Maruru da ke tsakanin hanci da leɓen sama ya fi haɗari, tunda jijiyoyin jinin wurin na da hanyar da ta kai cikin ƙoƙon kai. Masu shan maganin tsinka jini na saurin samun taruwar jini a ƙarƙashin fata. Wanda aka yi wa allurar gyaran fuska ko tiyata ya jira izinin likitansa.

Masu shafa man bilicin na cikin haɗari na musamman. Da yawa daga cikin mayukan na ɗauke da sinadarin kotikoyid mai sirantar da fata har jijiyoyin jini su bayyana, ko haidirokwinon wanda yawan amfani da shi ke barin baƙin tabo mai wuyar magani, ko kuma makuri mai lalata ƙoda. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Kamaru ma ta hana shigo da masu haidirokwinon da makuri a 2022, amma har yanzu suna ratsa iyakoki zuwa kasuwanni. Fatar da ta sirance na iya yagewa ko ta yi rauni da tausar da lafiyayyar fata ba za ta ji ba. Abin da take bukata shi ne ganin likitan fata.

Haka kuma ba kowane kumburin fuska ake korewa da yatsu ba. Kumburin da ya daɗe, ko ya haɗa da na ƙafa, na iya zama alamar ciwon ƙoda ko na zuciya. Ga mai juna biyu yana iya nuna hawan jinin da ke kai ga jijjiga. Ƙwayoyin ƙara ƙiba masu ɗauke da dekzametazon ma na kumbura fuska ta zama kamar faranti. Kumburin ɓangare ɗaya mai zafi sau da yawa daga ruɓaɓɓen haƙori yake.

Karkacewar baki: inda atisaye ke zama magani

Akwai lalurar da mutum kan wayi gari ya ga bakinsa ya karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, ruwa na zuba ta gefen leɓe. Wasu kan danganta abin da iska ko marin aljani. A likitance sau da yawa kumburin jijiya ta bakwai ne a cikin ƙashin kunne, lalurar da ke ɗauke da sunan Charles Bell, likitan Sikotland da ya yi bayanin aikin jijiyar a 1821. Ta fi kama masu ciwon suga da masu juna biyu. Kimanin mutum bakwai cikin goma na warkewa sarai, kuma damar warkewa na ƙaruwa idan likita ya fara ba da magani cikin awa 72. Idon da ba ya rufuwa na bukatar ruwan ɗigawa da rana da kuma rufewa da dare, in ba haka ba zai bushe ya yi gyambo.

A nan ne likitan motsa gaɓɓai, wanda a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ake kira kine, ke koyar da atisaye a gaban madubi: ƙananan motsi, a hankali, ɓangarorin biyu daidai. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2011 ta sami alamun cewa atisayen da aka tsara wa kowane majinyaci na taimakawa, ba ta kuma sami shaidar amfanin jona wutar lantarki ba. Ƙwararru na hana yin motsin da ƙarfi, domin yana iya ƙarfafa sarƙewar da ke sa ido ya rufe duk lokacin da mutum ya yi murmushi.

Idan karkacewar baki ta zo da mutuwar hannu ko ƙafa, sarƙewar magana ko ruɗewa, alamar shanyewar ɓarin jiki ce, kuma asibiti za a nufa nan take. Ko da babu waɗannan alamu, likita ne zai bambance, a ranar da abin ya faru.

Atisayen muƙamuƙi na da muhimmanci ga yaran da suka tsira daga noma, cutar zaizayar baki da ke kama ƙananan yara masu tamowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023. Tabon da take bari na iya kulle baki har yaro ya kasa cin abinci. A cibiyoyin da ke kula da su a Sakkwato da Damagaram, buɗe baki da atisaye a kullum na cikin jinyar, kafin tiyata da bayanta.

Abin da ya fi tasiri a kan fata

Shaidar da ta fi ƙarfi kan jinkirta tsufan fata ta shafi kariya daga rana. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya kan mutum 903 na tsawon shekara huɗu da rabi, aka wallafa a 2013, ya nuna masu shafa man kare rana kullum sun sami ƙarancin alamun tsufan fata da kashi 24 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shafawa jefi-jefi. Yawancin mahalartan farar fata ne, amma ga baƙar fata ma inuwa, malfa, mayafi da man kare rana na hana tabo ƙara duhu. Barin taba da shisha, isasshen barci, kula da haƙora, wanke fuska da sabulu marar kaifi da guje wa bilicin duk sun fi atisaye tasiri. Wanda ya riƙe waɗannan, kuma fatarsa lafiya take, zai iya ƙara minti biyar na tausa da 'yan atisayen kumatu a kullum. Idan yana son ya san ko suna yi masa aiki, ya ɗauki hoto a wuri ɗaya da haske iri ɗaya, ya sake ɗauka bayan wata biyar, wanda shi ne tsawon lokacin da binciken Northwestern ya ɗauka.